Littafin da Na Cusa Bayan Tanki

A gidanmu na Al-Oud, cikin Riyad, idan sanyi ya shigo, Kaka takan sa a hau mata da kaskon gawayi saman bene da zarar an idar da magariba. Nan take dafa shayinta, mu kuma mu zagaye ta. Wurina kowa ya san shi, jikin ƙafarta ta dama. A Riyad aka haife ni, Larabci ya fi zama a bakina, Hausata duk a karye take, amma Kaka ba ruwanta. "Maigidana Balarabe," haka take kirana, ta ba ni kofin farko.

Ina da shekara tara aka kawo yayana Nura daga Kano. Tun daga yaye aka bar shi wurin gwaggonmu, sai da ya kai sha uku takardunsa suka fito. Ya zo da Hausa tsantsa da Turancin makaranta, amma ba ya magana da kowa. Ko Umma, uwar da ta haife shi, kansa a ƙasa yake gaishe ta.

Baba direba ne a wani kamfanin gine-gine. Wani injiniya ɗan China da yake tuƙawa, da zai koma ƙasarsu, ya bar masa wani littafin Turanci mai hotunan tsofaffin jiragen sama. Tarihin matuƙan da suka fara jigilar fasinja ne a China, lokacin da yaƙi ke cin ƙasar. Duk gidan Nura kaɗai ke iya karanta shi. Sai Kaka ta tsiro da wani abu: da la'asar ya karanta ya fassara mata, bayan magariba ita kuma ta juye mana da irin nata bakin.

"Ku gyara zama," in ji ta, "wannan ba tatsuniya ba ce, da ran mutane aka yi ta."

Ta ba mu labarin wani jirgin fasinja da abokan gāba suka biyo. Matuƙin ya sauka a wani fili, mutane suka watse cikin gonaki, aka sako bam ya cinye fiffike guda. Duk ƙasar babu irin wannan fiffiken. Sai makanikai suka samo na wani ƙaramin jirgi, suka ɗaure shi a ƙarƙashin wani jirgin, aka kai musu ta sama, suka ɗora.

"Ɗaya dogo, ɗaya gajere! Ko ba haka ba, Malam Nura?"

"Haka ne, Kaka."

Malam Nura! Kusan kullum sai ta waiwaya ta tambaye shi, ya gyara mata sunan gari, ta yi dariya ta dafa kansa. A ranar ma shi ta miƙa wa kofin farko. Shayin da na sha ko ɗanɗanonsa ban ji ba. Na tambayi ma'anar wata kalma, ƙannena suka kwashe da dariya, Nura ya fassara mini da taushin murya, abin da ya ƙara ƙona ni ke nan.

"Ko ya tashi, ko bai tashi ba," Kaka ta ce tana rufe butar shayi, "gobe Malam zai karanto mana."

Washegari kafin a tafi makaranta na zare littafin daga ƙarƙashin matashin Nura yana kwance, na hau sama na cusa shi bayan tankin ruwa. Kwana biyu aka yi ana ruwan sama. Da Baba ya gano shi, ya kumbura, shafukan sun manne kamar dafaffiyar taliya. Umma ta yi ta faɗa tana tambayar waye. Kaka ta dube ni sau ɗaya, ta ce a bar maganar. Ta koma tatsuniyoyinta na dā, ni na koma jikin ƙafarta, Nura kuma ya daina hawowa. Na sami abin da nake so, amma ban ƙara jin daɗin wurin ba.

Sai da na girma, Kaka ta rasu, na gane ba jiragen China ne suka dame ta ba. Yaro ta gani baƙo a gidan ubansa, ta nema masa abin da zai riƙe ya zauna cikinmu. Ni kuwa a lokacin gani nake an ƙwace mini nawa.

Bara muna cin abinci da Nura a unguwar Batha, bayan ya tashi daga shagonsa, na daure na faɗa masa gaskiya. Bai ko ajiye cokali ba.

"Ai na gan ka, Habibu. Ba barci nake ba."

"Yaya, to me ya hana ka tona ni?"

Ya juya shinkafa da cokali.

"Da na faɗa, Umma za ta dake ka, in an jima kuma ta jawo ka jikinta ta rarrashe ka. Dukan zan iya kallo. Rarrashin ne ba zan iya ba."