Tafin Hannun Modu a Ƙofar Mazugal

Ina da shekara tara na fara jin an kira ta da sunanta. Mu dai Iya muka sani. Wata rana da hantsi wata tsohuwa ta shigo gidanmu tana dogara sanda, ko sallamar ba ta ƙarasa ba ta ɗaga murya.

"Kaltume mai taurin baki tana nan, ko ta riga ni tafiya?"

Na ce, "Babu Kaltume a gidan nan."

Sai na ji Iya daga ɗaki tana cewa, "Bar ta ta shigo, Lauratu. Asibi ce. Ita mutuwa ma gudunta take yi saboda surutu."

Iya kakar mahaifiyata ce, ni tattaɓa-kunnenta. Abin da zan rubuta a nan yawanci daga bakin wannan Asibi na ji shi, da bakin Baffa, ɗan Iya na biyu. Abin da na ji daga bakin ita Iyar kaɗan ne, kuma sai a ƙarshe.

An haife ta a unguwar Ƙofar Mazugal fiye da shekara ashirin kafin zuwan Turawa. Kakanninta daga Barno suka zo da fataucin kanwa, suka zauna har Barbarcin ya ɓace a bakin jikoki, sai sunaye suka rage. Ta auri Malam Goni, ta haifa masa maza biyu da suka rayu, Modu da Baffa. Malam ya rasu suna ƙanana, wani maƙwabci magini ya ɗauke su ya koya musu gini.

Modu shi ne ɗan fari, shi ne kuma kakana. Ni zan iya faɗin sunansa. Ita ba ta taɓa faɗa ba. Ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, har ta ɗara su. Ba ta kiran sa, ba ta kallon fuskarsa a gaban mutane, in aka yabe shi sai ta tashi ta bar wurin. In ta gama tuwo sai ta ce wa Baffa, "Kai wa wancan." Baffa ya ce sai da ya girma ya lura cewa ƙoƙon wancan kullum ya fi nasa nama.

Kafin Turawa, duk bayan damina ana fita gyaran ganuwa, kowace unguwa da nata yankin. Da suka ci gari aka daina, tunda babu sauran wanda za a tare. Amma shekara goma sha uku bayan haka ruwa ya zaftare gefen ƙofar, har jakuna suna tuntuɓe da ƙasa, sai mutanen unguwa suka yi gayya. Modu, yana ɗan shekara ashirin da biyu, shi aka bai wa yaɓe, domin hannunsa ya fi na kowa laushi. An kwaɓa ƙasar da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, don ta yi ƙarfi.

Da rana ta take Iya ta kawo wa ma'aikata kunun tsamiya. Kowa ta miƙa masa a hannu. Da ta zo kan Modu sai ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta juya fuska. Samari suka fashe da dariya. Shi ma ya yi dariya, ya ɗaga hannunsa na hagu ya danna a ɗanyen yaɓe, daidai tsayin kafaɗa, ya ce wa Baffa da ƙarfi yadda za ta ji:

"Tunda ba a kallon mai hannu, sai a riƙa kallon hannun."

Iya ta ɗauki tukunyarta ta ce, "Wasu dai ba su da aikin yi."

Yaɓen ya bushe da tafin a jiki, yatsu biyar, ƙaramin a karkace saboda karayar da ya yi yana yaro.

Bayan shekara biyu marisuwa ta shigo gari, murar nan da ta kwashe mutane. Modu ya kwanta ran Talata, ran Juma'a aka kai shi. Mutum goma sha ɗaya aka binne daga unguwar a ranar, cikin gaggawa, kuma da aka yi damina biyu babu wanda ya ƙara iya nuna kabarinsa. Ya bar matarsa Dije da cikin mahaifiyata. Asibi ta ce ba ta ga hawaye a idon Iya ba ko sau ɗaya a zaman makoki. Ana yi mata gaisuwa tana cewa sai haƙuri, tana tashi duba abincin baƙi, kamar a gidan maƙwabta aka yi rasuwar.

Da aka yi arba'in ta ɗauki tukunya da ludayi ta fita sayar da kunu a bakin ƙofa. Ta zauna a gindin ganuwa, ƙarƙashin tafin. Wurin babu inuwa ko kaɗan. Asibi, wadda ke sayar da dafaffiyar gyaɗa a inuwar ɗaya gefen, ta yi ta yi mata tsiya.

"Kaltume, ke kaɗai ce mai kunun da ake dafawa sau biyu, na murhu da na rana!"

"In inuwa na kawo ciniki, me ya hana ki yin arziki?"

Bayan mako guda Asibi ta kwashe farantinta ta koma kusa da ita cikin ranar. Kowace safiya Iya tana share tafin da bakin mayafinta, wai yanar gizo take cirewa. Da damina ta kusa ta sa Baffa ya yi wa wurin 'yar rumfar ƙasa daga sama, wai ruwa yana zubo mata a kunu. Duk unguwa an san me ake ciki, kuma duk unguwa aka taya ta yin shiru.

A shekarun nan, tun da jirgin ƙasa ya iso Kano, Turawa baƙi sun fara zuwa kallon ganuwa. Ba ma'aikata ba ne, 'yan yawon buɗe ido ne. Su zo a mota, su hau sama suna haki, su auna kaurin ginin da taku, su kafa akwatin hoto mai ƙafa uku. Asibi tana ce musu masu kallon ƙasa. Shekara shida da rasuwar Modu wani Bature da matarsa suka tsaya a Ƙofar Mazugal bayan azahar, da direba da tafinta. Tafintan ba ɗan ƙasar nan ba ne, daga kudu ya zo, Hausarsa ta kasuwa ce.

Matar ce ta hango tafin. Ta cire safar hannunta ta ɗora nata a ciki, ta daɗe a haka. Sannan ta yi magana, tafinta ya juyo ga jama'a.

"Uwargida tana tambaya, wa ke da wannan hannu?"

Akwai mutum kusan ashirin a wurin, masu jakuna, masu itace, dattawan da ke zaman bakin ƙofa. Duk suka dubi Iya. Tafinta ya bi idonsu ya maimaita mata tambayar.

Ta sunkuyar da kai tana juya ludayi. "Na wani magini ne."

"Ina yake?"

"Ba ya nan."

"Yana da mutane? Uwa, ko uba, ko wanda zai hana a ɗauka? Uwargida tana so ta tafi da shi ƙasarsu. Ta ce ruwan sama zai cinye shi a nan."

Asibi ta buɗe baki, "Ai ga…" Iya ta take mata ɗan yatsan ƙafa.

Sannan Iya ta ce, "Allah ya sani."

Da Bakano ne tafintan, da ya gane. Macen da ta amsa haka kai a sunkuye, jama'a na kallon ta, ai ta gama faɗin cewa ita ta haife shi. Shi kuwa ya juya ya gaya wa Turawan abin da kunnensa ya ji: wani magini ne da ba a san shi ba, babu mai shi. Dattawan kuma suka ga tunda uwar ba ta hana ba, ba su ne za su shige gabanta ba.

Direba ya ɗauko adda daga mota. Sara ɗaya ya yi gefen yaɓen ya tsage. A lokacin Baffa ya iso, an ruga an kira shi daga inda yake aiki. Ya gaya mini wannan da bakinsa, yana da shekara kusan sittin.

"Na dubi Iya, ba ta ɗago ba. Na dubi adda. Na san in ya ƙara sara biyu hannun zai zama gari. Sai na ce, kawo, ba haka ake yi ba."

Ya sa wuƙa da ruwa, ya yi ta zagaye tafin a hankali, tun bayan azahar har aka kira la'asar. Ya ce da gangan ya ja aikin. Yana jira ta yi ko tari ne ya ajiye wuƙar. Ita kuwa tana ta sallamar masu sayen kunu, sai dai Asibi ta ce sau biyu ludayin ya zuba a ƙasa maimakon ƙwarya. Yaɓen ya fito ɗungurungum, ko ƙaramin yatsan bai guntule ba. Aka naɗe shi a bargo aka sa a mota. Matar ta miƙa wa Iya gwangwanin alewa saboda an tare mata wurin ciniki. Iya ta karɓa da hannu biyu ta ce ta gode.

Da motar ta wuce Asibi ta kama Iya da faɗa tana kuka.

"Kalma biyu, Kaltume! Ɗana ne! Me zai ci ki?"

"A gaban maza? A gaban baƙi?"

"To me kunyar ta ba ki yau?"

Iya ta ɗauraye ludayinta. Can ta ce, "Miƙo min murfin tukunyar."

Washegari ta koma ta zauna a wurin, ƙarƙashin ramin. Baffa ya ce zai yaɓe shi, ta ce ya bari. Bayan damina biyu ruwa ya rushe wannan yankin ganuwar gaba ɗaya. Asibi ta so ta lallashe ta, ta ce to ai Baturiyar ta yi gaskiya, ko an bar shi da yanzu babu shi. Iya ta ce da ruwa ne ya ci, da ta san ƙasar Kano ce ta koma ƙasar Kano. Daga nan ta daina fita da kunu. Baffa ya ci gaba da gini har tsufa, amma bai ƙara bi ta ƙofar ba, gara ya yi zagaye. Shi da mahaifiyarsa suna gida ɗaya fiye da shekara talatin, ba su taɓa tada maganar ba.

Ina aji uku a makarantar 'yan mata malamarmu ta tarihi, wata Baturiya, ta kai mu kallon ganuwa da ƙofofi. Muka tsaya a Mazugal, 'yan ajinmu suna ta rubutu, ni ina neman wurin da aka kwatanta mini, ban ga komai ba sai tudun ƙasa da awaki. Malamar ta gaya mana cewa a ƙasarsu akwai gidajen ajiye kayan tarihi na ƙasashe masu nisa, kowane abu a cikin gilashi, da 'yar takarda a ƙarƙashinsa.

Da na zo hutu na ba Iya labari. A lokacin idonta ya yi rauni, ba ta fita ko tsakar gida. Tana sauraro tana yi mini tsiya, wai an kwashe 'yan boko a mota an kai su kallon abin da jaki ke wucewa bai waiwaya ba. Da na zo kan 'yar takardar sai ta daina dariya.

"Me ake rubutawa a jikinta?"

"Sunan abin, da inda aka samo shi, da wanda ya yi shi."

"In ba a san wanda ya yi ba fa?"

Na so in yi mata ƙarya, ban iya ba. "Sai a rubuta ba a san shi ba."

Sannan ta sa na jawo mata wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado. A can ƙasa, cikin tsumma, ga gwangwanin alewar, ya yi tsatsa, ba a taɓa buɗe shi ba. A kan murfin akwai hoton wani babban ginin dutse mai hasumiyoyi a bakin ruwa. Ta shafa shi da yatsa.

"Ganuwarsu ke nan. Suna da tasu, ban san me suka zo nema a tamu ba."

Ita a ganinta can aka kai hannun. Babu sunan gari a gwangwanin, babu sunan mutum, sai na masu yin alewa da tsatsa ta cinye rabinsa. Ta rasu kafin damina ta sauka. Na tambayi malamata, na tambayi duk wanda nake zaton zai sani, har yau ban sami inda zan aika da wasiƙar ba. Gwangwanin yana wurina.

A ranar da ta nuna mini gwangwanin, ta kama wuyan hannuna, ta rage murya ko da yake mu biyu ne a ɗakin.

"Lauratu, ke da kika iya rubutunsu, ki rubuta wa mutanen gidan ajiyar nan. Ki ce su cire waccan takardar su sa wata. Ki ce hannun yana da mai shi, kuma uwarsa tana zaune a wurin ranar da aka ɗauka. Ki ce ƙaramin yatsan daga bishiyar kurna ya faɗo ya karye, ita ta ɗaure masa."

Na ɗauko alƙalami na ce, "To, Iya. Wane suna zan sa?"

Ta saki hannuna ta juya fuska wajen bango.

"In kin zo wajen sunan, ki tambayi Baffa."