Buzun Tsohon Maraɗi

Masaukin da na gada a wurin mahaifina ɗakunan ƙasa ne guda huɗu a bakin titin Zariya, kafin a kai Garun Malam. Idan tumatirin noman rani ya nuna, masu saye kan sauka a wurinmu su kwana biyu har motarsu ta cika. Akwai mutanen Ikko da Ibadan, akwai kuma na ƙetare, 'yan Nijar masu sayen shinkafa da 'yan Gana masu neman albasa. A shekarun farko bayan rasuwar mahaifina, sai ka rasa inda za ka taka a barandar saboda takalma.

Da takalma nake gane baƙi. Na mutanen kudu na roba ne, kullum da jan ruwan tumatir a jiki. Na 'yan Nijar na fata ne, masu faɗin baki.

Sai wayar hannu ta shigo. Mutanen kudu ne suka fara raguwa, domin mutum yana zaune a Ikko zai kira dillali a Kura a loda masa kwanduna. Na ƙetare sun ɗan jima suna zuwa, sannan su ma suka soma yankewa. A daidai lokacin ne taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, ya gina ɗakunan bulo a tsallaken titi, daura da ni. Ya sa fanka, ya sayi janareta, ya jera soket a bango don cajin waya. Ni kuwa na ƙi janareta. Ina tsoron fetur kusa da mutanen da suke barci a ƙarƙashin amanata. In gobara ta tashi, me zan ce wa iyalinsu?

Baƙin da suka rage sai suka riƙa tsallakawa su yi caji. Yau mutum ya je da waya, gobe ya je da jaka.

Kowace safiya nakan fito da buta kamar zan yi alwala, alhali takalman ƙofar taubashina nake kallo. In na ga sun ƙaru, sai in bar kokona ya huce ban sha ba. In na ga sun ragu, sai in ji sanyi a raina, sannan in tsorata da sanyin, in kama istigfari. Na taɓa tambayar limamin unguwarmu ko kallon takalma hassada ne. Ya ce in dai ban so ni'imar ta gushe daga hannunsa ba, babu laifi. Na koma gida na yi ta bincikar zuciyata, ban samu amsar da ta kwantar mini da hankali ba.

Shi kuma taubashin nawa, ka san tsakanin taubasai ba a fushi. Daga can zai ɗaga murya:

"Bawana! Yau ma ƙadangaru ne suka kama ɗakunan? Ka ce su zo su yi caji!"

Dole in yi dariya in ce, "Bawa dai kai ne, mai gidan hayaƙi." Amma dariyar a haƙori take tsayawa.

Abu ɗaya ya rage mini wanda ba shi da shi: tsohon Maraɗi. Dattijo ne mai sayen shinkafa, baƙon mahaifina tun ban san kaina ba. A al'adar masaukai irin namu, baƙon da ya zama na gida yakan bar buzun sallarsa rataye a ƙusa idan zai tafi. Muddin buzun yana nan, ɗakin nasa ne. Ranar da maigida ya sauke buzun ya aika masa, to ya sallame shi ke nan. Buzun tsohon yana ɗakin ƙarshe, nakan kaɗe shi duk Juma'a, in shanya shi saboda ƙwari. Kuma duk inda tsohon ya sauka, nan sauran 'yan Nijar suke sauka.

Wata ranar kasuwa da hantsi na dawo daga gona, ƙafata duk taɓon kanal ɗin ban-ruwa, sai na hango takalman fata a ƙofar taubashina. Na san su, na tsohon ne. Na dama yana da faci a dunduniya, ni na kai shi wurin baduku bara.

Na shiga ɗakin ƙarshe na zauna. Babu jaka, babu komai, sai buzun a ƙusa. Na ce ko caji ya je, domin an ce ɗansa ya saya masa waya. To me ya hana shi fara sallama a nan? Na leƙa, takalman suna nan. Na share baranda, na sake leƙawa, suna nan. Har na ji muryarsa yana dariya a ƙarƙashin fanka, irin dariyar da yake yi da mahaifina.

Gab da azahar taubashina ya tsallako yana ta murmushi.

"Bawana, ka ga babban baƙona? Baba ya ce a ba ni buzunsa."

"Shi ya ce?"

"To ni zan ce? Ko za ka riƙe wa dattijo abin sallarsa ne ga azahar ta yi?"

Nan ya kama ni. Kayan mutum amana ne, ga lokacin salla. Idan tsohon ya jinkirta salla saboda ni, wa zai ɗauki alhakin? Na sauke buzun, na naɗe, na miƙa masa. Na ga murmushinsa ya ɗan tsaya, kamar bai zaci zan bayar ba. Amma masu shayi da 'yan acaɓa suna kallo, sai ya saɓa shi a kafaɗa ya tsallaka titi yana rangaji.

Bayan la'asar na kasa zama, na bi shi. Tsohon yana zaune a kan buzun, wayarsa a soket. Jakarsa kuwa tana jingine a bakin ƙofa, igiyar ɗaurinta ko kwancewa ba a yi ba.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce:

"Direba ya sauke ni a wannan hannun, na ce bari wayar ta sha wuta in ƙaraso gida. Sai ga buzuna ya riga ni tafiya."

"Baba, cewa ya yi kai ka aiko."

"Wasa fa nake yi, Baba," in ji taubashina. "Ka san ni da bawan nawa."

Tsohon bai dube shi ba. Ni ya duba.

"Ɗana, marigayi mahaifinka ko da ni ne na aiko, sai ya tako da ƙafarsa ya ji daga bakina. Ba komai. Allah ya yi maka albarka."

Ya jawo jakar, ya soma kwance igiyar.

Kafin shinkafar wannan shekara ta ƙare, takalman fata duk sun koma tsallake. Tsohon bai daina gaishe ni ba, yakan ɗago hannu daga can da safe. Taubashina ya kawo mini goro yana ba da haƙuri, na karɓa, domin ba a fushi da taubashi. Amma ba ya kaɗe buzun. Damina guda ban ga ya fito da shi rana ba, kuma na san ɗakin bulo yadda yake riƙe laima. Sau da yawa na yi niyyar in gaya masa, sai in tsaya in tambayi kaina: don buzun zan faɗa, ko don ya ji kunya? Ban taɓa tantancewa ba, saboda haka ban faɗa ba.