Baba Haladu da Kwalbar da Ba a Ɗiga wa Ganye Ba

Ƙarfe shida na safe, sanyin Jos na cizon kunne, Baba Haladu ya riga ya baro Laranto da kula cike da ƙanƙara a bayan babur. Kwata ya nufa. Mahauta sun san abin da ke kawo shi: wani ɗan ƙullutu a marar rago, wanda ko kyauta ba mai so. A cikinsa akwai enzayim, sinadarin da ke kama kitse ya gama shi da iska, ya mai da shi saƙon da ke sa jiki kumburi da raɗaɗi. Abin ba ya shiri da zafi, yana ɗumama ya mutu. Shekara talatin da ɗaya Baba yana kai shi ɗakin gwaje-gwajen jami'a da ransa.

Morenike ta fi kowa sanin darajar mutumin nan, amma da kunya ta sani. Lokacin tana ƙaramar malama mai neman digirin dokta, ta shekara uku tana gwada ruwan wani ganye, ko zai hana enzayim ɗin aiki. Rannan ta ɗiga, na'ura ta nuna ya tsaya cik. Kai, zo ka ga murna! Ta tara ɗalibai, ta ce da wannan sakamakon za ta tsaya gaban masana a taron Abuja.

Baba Haladu ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Malama, jiya an ɗauke wuta, firij ya yi awa biyar a kashe. Ki gwada kwalba ɗaya ba ganyen."

"Haba Baba!" ta ce, a gaban kowa. "Aikinka wanke kwalabe. Bar mana ilimin."

Ɗalibai suka ƙyalƙyale. Baba ya koma kan aikinsa. Da ta tafi aji, ya haɗa enzayim da kitse, bai sa ganye ba, na'ura ta sake nuna shiru. Ashe mushen enzayim ta gwada rannan, ganyen bai yi komai ba. Ya ninke takardar sakamakon ya saƙala a littafinta, bai nuna wa kowa ba. Washegari ta tarar da sabon ƙullutu cikin ƙanƙara a kan teburinta.

Da ta kai waccan ƙaryar Abuja, da sunanta ya zube tun bai tashi ba. Ta sake aikin, ta gama lafiya. Sai dai a shafin godiya na kundin digirin ta sa farfesanta, ta sa mijinta, ta tsallake Baba, don rubuta sunansa zai tuna mata ranar. Shekara takwas tana gaishe shi kai a sunkuye, "yi haƙuri" ta gagare ta.

Kai ne, Baba Haladu, aka yi wa dariya ka rufa asirin mai zaginka. Kai ne ka san na'ura ma tana ruɗin mai gaggawa. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu tasowa, ku koyi aiki irin nasa, ku kama bakinku a gaban wanda ya riga ku shiga ɗakin.

Ranar walimar ritayarsa Morenike ta karɓi lasifika, ta ce "Allah ya saka" kawai ta zauna. Da aka watse ta biyo ni, ni mai rubutun nan, har bakin mota, ido jajur, ta ba ni labarin nan duka. Na ce zan sakaya sunanta.

"A'a," ta ce. "A gaban mutane na ci mutuncinsa. Rubuta Morenike."