Anti Cire-Takalmi

Kafin rana ta gama leƙowa ta tagar ɗakin gashin ƙashi, ita ta riga ta iso. Takan shimfiɗa tabarmi, ta goge dogon madubin bango, ta rataye igiyoyin roba a ƙusa, sannan ta tsaya tana kallon haske yana rarrafe a ƙasa, kamar mai jiran ya yi mata magana. Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa. Kowa Anti Cire-Takalmi yake ce mata, don ko gaisuwarka ba ta gama amsawa za ka ji, "To, cire takalmi."

Ba tsabtar ɗakin ce ta dame ta ba. Juya takalmin take yi ta ga inda ya cinye, don a nan take gane wane gefen jiki ke shan wahala, wane ne ya kwanta barci. Ko a titi haka take. 'Yarta ta ce fita da ita aiki ne, sai ta bi bayan baƙo da ido tana cewa, "Wayyo, kafaɗar nan."

Waɗanda suka ga ranar da wani tela ya shigo a karkace, hannu dafe da ƙugu, har yau suna ba da labari. Ciwon baya ya hana shi zaman keken ɗinki, har ya yi wa wani alkawarin sayar masa da keken, wanda shi ne abincin gidansa. Ta juya takalmansa. Na dama ya zaizaye, na hagu kamar yau aka sayo.

"Da wace ƙafa kake taka keken?"

"Da dama mana, Anti. Haka maigidana ya koya min."

"Ita hagun fa, amarya ce?"

Ya yi dariya har ciwon ya tsikare shi. Ta kwantar da shi a tabarma, ta sa ya lanƙwasa gwiwa ya ɗaga ƙugu a hankali. Gefen hagu sai rawa yake. Ta ce, "Ba mutuwa ya yi ba, barci yake. Kada ka sayar da keken tukuna."

Ba a rana ɗaya sauƙin ya zo ba. Ya yi fushi, ya ɗauke ƙafa, ita kuwa ta bi shi har shago, ta sa aka ɗaga masa kujera, ta tsaya a kansa sai da ya ɗora ƙafa biyu a kan fedar keken.

Yanzu gwiwoyinta sun ce ya isa, ta ajiye aiki. Ta ce wani lokaci, idan ta gyangyaɗa da hantsi, takan ga duk waɗanda suka taɓa shigo mata a duƙe suna wucewa ta cikin madubin nan, ba takalmi, a miƙe, ba mai dafa bango.

Anti, ke ce mai tashin abin da ya yi barci a jikin mutum, ba tsawa, ba gaggawa. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sassauta wa gwiwoyin nan. Ku kuma masu tasowa a wannan aiki, ku koyi sunkuyawa ku duba kafin ku buɗe baki.

Ranar sallamarta daga aiki telan ya zo da rigar da ya ɗinka mata a kan keken nan. Ba ta ko warware ta ba. Shi ma ya san halinta, sai ya cire takalmansa ya miƙa mata. Ta juya na dama, ta juya na hagu. Duka biyun sun cinye daidai. Nan Anti ta rungume tsofaffin takalman tela, ta fashe da kuka.