Baba Mala da Garin Katako

Kafin a buɗe shaguna a layin kafintoci da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari, Baba Mala mai feshin fenti ya riga ya iso. Ba ya taɓa injinsa sai ya ɗebi garin katako ya watsa sama. In garin ya yi wajen fili, sai ya yi bismilla ya fara aiki. In ya karkata wajen gidajen bayan layin, sai ya zauna a benci ya jira.

Samari masu feshi sun sha yi masa tsiya. "Baba, yau ma duba ake yi?" Su dabararsu madara ce. A gama feshi, a sha gwangwani guda, wai tana wanke fenti daga jiki. Shi ma ya sha ta shekara da shekaru, har tari ya kama shi. Yakan ce, "Yarana, madara ciki take tafiya, fenti kuwa ƙirji yake shiga. Su maƙwabta wa ya ba su madarar?"

Bayan katangar shagonsa Madam Monica mai abinci take zaune da 'yarta Chiamaka, mai ciwon asma. Warin fenti kaɗan ya isa ya kai yarinyar asibiti.

Wata rana Alhaji Habibullah ya zo karɓar gadon 'yarsa, gobe jere, ba a fesa ba. Iska kuwa katangar nan ta nufa.

"Mala, biki ba ya jiran iska."

"Gaskiya ne, Alhaji. Numfashin yarinyar nan ma ba ya jira."

Duk layin sun gani: Baba Mala ya ɗora gadon a kura, ya tura da kansa har fili, ya fesa cikin rana, ya dawo yana tari.

Baba, kai ne bana ka ajiye injin saboda ƙirji ya ƙi. Naka ƙirjin ba mu iya ceto shi ba. Amma jiya na ga Chiamaka ta wuce makaranta a guje, ba ta ma san sunanka ba. Mun gode, garkuwar maƙwabta. Allah ya ba ka lafiya.

'Yan uwana masu feshi, a rufe hanci, a dubi bayan katanga. Garin katako dai ga shi nan a ƙasa. Gobe da safe, wa zai watsa?