Rakiyar Tumatir

A garinmu, tsakanin Kura da Bunkure, idan an loda tumatir za a kai Legas, sai wani daga gidan mai kaya ya bi motar. Ana ce da wannan rakiya. Tun tasowata dattijo ake turawa, mai mata da 'ya'ya, wanda dole ya dawo.

Yayana ne ya fara karya wannan tsari a gidanmu. Babban ɗansa ya gama sakandare, ba a samu halin ci gaba ba, yana riƙe da gonarsu ta bakin kanal, wadda ruwa ke fara isa kafin ta kowa. Hannun yaron yana da kyau. Shi ke renon iri, shi ke dashe, shi ke ban-ruwa. Yayana kuwa gwiwa ta riga ta ci shi.

Sai ga shi ya ce yaron ne zai yi rakiya, wai yana jin Turanci, ba za a raina shi a shingen hanya ba. Na je har soro na jera masa dalilai. Da farko, yaron ba shi da aure. Sannan kullum idonsa na kan waya, yana kallon gidajen mutane. Sannan dashe na biyu ya matso, kuma babu mai yi.

"Yaya, wanda ba shi da abin da zai dawo wa ba a ba shi rakiya."

Ya yi dariya, ya ce ai ni karatuna bai wuce firamare ba, shi ya sa nake tsoron titi.

Mota ta dawo da kwanduna wayam, ba yaro. Direba ya ce yaron ya samu aiki. Da na matsa, sai ya ce sauke kaya yake a kasuwa. Wato kwandon da yake cikawa a gonar ubansa, shi yake ɗauka a ka yanzu, na wani.

Irin ya tsufa a reno har ya yi fure. Gonar ta koma hannun maƙwabci da sunan aro. Yayana kuma yana zaune a majalisa, yana gyara hula, yana cewa ɗansa na harka a Legas.

Da kakar tumatir ta zagayo, ya ce zai aika a dawo masa da shi. Na tambaye shi wa zai tura. Ya ce ƙanin yaron, tunda shi ma ya gama sakandare.