Ƙwaryar Nonon Kawu Haladu da Jif Mai Kujera Bakwai

Duk wanda ya san Kawu Haladu na Ƙarfi ya san ba ya shiga motar da ake tallata masa sai da ƙwaryar nono a cinya. Farar riga zai saka, mai guga, ya aika a kira Dudu mai nono, ya tsaya a kanta tana zubawa.

"Cika ta, Dudu. Har baki."

"Alhaji, za ta zube fa."

"To ai abin da nake son in gani ke nan!"

Sai ya hau layin tsakiya, ya gyara zama, ya ɗora ƙwaryar bisa gwiwa, ya ce mu je. Hanyar gwajin ɗaya ce kullum: a sauka daga kwalta, a bi jar hanyar nan mai ramuka, a hau kwalbatin bayan masallaci, a zagayo. In rigar ta dawo fes, mota ta ci. In ko ɗigo ɗaya ya taɓa ta, sai dai mai mota ya yi haƙuri.

Ni ne Sabi'u, ɗan ƙanwarsa, dillalin motoci a Funtua. Ni Allah ya jarabta da tuƙa wannan alƙali da ƙwaryarsa har shekara shida. Ku da kuke zaune gindin darbejiya kuna tafi kuna dariya duk lokacin da muka dawo riga jiƙe, na yafe muku, amma ban manta ba.

Mutane sun ɗauka rowa ce. Rowar akwai, ba zan wanke shi ba. Mutumin da ke loda tirela da masara da waken suya, amma yana ɗaure takalminsa da waya! Sai dai maganar ƙwarya daban ce. Shekarun baya ya ɗauko matarsa, Inna Asabe, a babur za su Musawa garinsu. Akuya ta gitta, ya kauce, suka faɗi. Shi ya tashi ya kakkaɓe riga, ita kuwa bayanta bai sake komawa daidai ba. Tun daga nan ba ta jure girgizar hanya. A Musawa kuma akwai yayarta, Yaya Binta, wadda ta raine ta, ta tsufa, ido ya tafi, kullum saƙonta ɗaya: a kawo mata Asabe. Kawu ya yi rantsuwa zai kai ta, a motar da ba za ta girgiza ta ba, ita da 'ya'yansu biyar a tafiya ɗaya. Shi ya sa dole jif, dole mai kujera bakwai. Ƙwaryar nan ita ce bayan Inna.

Ta farko da na kawo baƙa ce, ƙirar Jamus, daga wajen abokin sana'ata Sande, wanda aka haifa nan Funtua, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Motar nan a kan kwalta, wayyo! Sitiyari da ɗan nauyi, ka juya kaɗan ta bi ka, ka taka ta tashi, kwana kuwa kamar an manna ta da ƙasa. Sande ya zauna gaba yana wa'azi.

"Baba, ka ga allon nan? In za ka yi baya, kyamara na nuna maka komai. Kujerar da kake kai ma tana ɗumi in ka danna nan."

"Tana me?"

"Ɗumi, Baba."

"A Funtua? Kai Sande, ka taɓa ganin wanda ya fito daga gonar auduga yana neman abin da zai gasa masa mazaunai?"

Muka sauka daga kwalta. Nan baiwar Allah ta nuna halinta: tauri! Kowane dutse sai ta kawo maka rahotonsa har haƙori. Muna hawa kwalbati nono ya yi tsalle, ya wanke gemun Kawu, ya sauka a kan kujerar fata. Sande ya dafe kai. Kawu ya share gemu a natse, ya ce, "Mota ce mai kyau. Ka ajiye mini ita. Ranar da aka gama gyaran hanyoyin ƙasar nan kaf, zan aiko jikana ya ɗauka."

Ya shanye sauran nonon kuma, don ba a ɓarna a gabansa.

Bayan ita an yi wasu da ba su cancanci a ambace su ba. Wata gajeriya ce, cikinta ya daki kwalbati, ya ce motar da ke gaida ƙasa da ciki ba ta zuwa Musawa da damina. Wata tana da taga a rufi, ya leƙa sama ya ce, "Wato sun ƙare da kwano ne?" Wata kuwa ƙara take yi ƙit-ƙit-ƙit sai ka ɗaura bel. Ya saurara, ya saurara, ya ce, "Tsaya in sauka. Ban kai shekarun nan ba don ƙarfe ya riƙa yi mini faɗa."

Sai ƙatuwar nan ta Amurka, ruwan toka. Na ce yau dai an gama. Laushi kamar katifa, esi har layin baya, ga faɗi, ga tsayi daga ƙasa. Rami ba ta jin sa, haɗiye shi take yi. Muka hau kwalbati muka sauka, nono ko motsi. Na fara murmushi, har na fara tunanin abin da zan gaya wa 'yan gindin darbejiya. Ashe ita matsalarta lilo ce. Da na sha kwanar masallaci sai ta kwanta gefe ɗaya, ta yi tunani, ta dawo ɗaya gefen, nono ya bi ta, ya malalo a hankali cikin ladabi har aljihun Kawu.

"Waccan ta Jamus mari take yi," in ji shi, "wannan kuma rarrashinka take yi tana cutarka. Man fa?"

"Tana ɗan sha, Kawu."

"Ɗan sha? Na ga allurar mai. Tun da muka wuce gidan mai take waiwaye."

Duk da haka ya ce sai ya gwada layin ƙarshe, tunda can za a saka 'ya'yansa Lawal da Hadiza. Ranar kasuwa ce, a bakinta muka tsaya. Aka kwantar da kujerar tsakiya, ya kutsa da babbar riga, ya zauna, gwiwa ta haɗu da haɓa. Shiga ta yiwu. Fita fa? Ƙafa ta maƙale, riga ta naɗe a ƙarfe, hula ta faɗa ƙarƙashi. Sai ta but, can ƙofar baya, muka zaro shi, ni da wani mai rake, mutanen kasuwa sun yi da'ira suna ba da shawara. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya gyara hula, ya dubi jama'a kamar shi ya tara su.

"Wanda ya ƙera kujerar nan ba shi da 'ya'ya," ya ce. "In kuma yana da su, to ba ya son su."

Haka muka yi ta yi. Hadizar da ake auna wa kujera ta yi aure ta haihu. Lawal ya yi gemu. Dudu ta sake rufin ɗakinta, kuma kowa ya san da nonon wa. Inna Asabe dai tana zaune, in an ce an kawo sabuwa sai ta ce, "Allah ya sa a dace," ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Sai aka aiko daga Musawa cewa jikin Yaya Binta ya yi nauyi, ta daina cin abinci sosai. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Ina da wata fara ƙirar Japan, 'yar Kwatano, ba ta da wani ado. Ba ta kai ta Jamus gudu ba, ba ta kai ta Amurka laushi ba, amma tana taka rami ta wuce ba tsalle ba lilo, sitiyari sakayau, mai kuma da mutunci take sha. Na san ta isa. Na kuma san ƙwarya ba ta da imani. Sai na bi ta bayan gida na sami Dudu.

"Kindirmo za ki zuba, mai kauri, wanda cokali ke tsayawa a ciki. Ki ɗan yafa tsala a sama."

"Sabi'u, ka rufa mini asiri. Alhaji ne fa."

"Zuba kawai."

Muka tafi, muka hau kwalbati, muka sha kwana, muka dawo. Riga fes! 'Yan darbejiya suka miƙe tsaye. Na fito ina cewa alhamdu lillahi da ƙarfi. Kawu ya dubi rigarsa. Ya ɗaga ƙwarya zai sha kamar kullum. Ya kafa kai. Nono ya ƙi zuwa. Ya karkata ta sosai, abin ya taho gaba ɗaya a dunƙule ya zauna masa a hanci.

Ya sauke ƙwaryar, ya dube ni da farin hanci.

"Sabi'u, wannan ko a bayan jaki aka ɗora shi ba zai zube ba. Uwarka ta san sana'ar da kake yi ke nan?"

Jama'a suka kwashe da dariya, ni kuwa abin ya zo mini wuya. Na bi shi har zaure, na faɗi abin da ban taɓa faɗa masa ba.

"Kawu, shekara shida! Yaya Binta ba za ta jira ƙwarya ba. In ta rasu Inna ba ta gan ta ba, me za ka ce mata? Nono ya zube?"

Na zaci zai kore ni. Sai ya zauna a kan buhun taki, ya daɗe yana goge hanci da bakin riga.

"Ni na kayar da ita," ya ce. "Ba akuya ba. Gudu nake yi, ta ce in rage, na ce ta yi mini shiru. Kana so in sake sa ta a hanya in ji ta yi ƙara?"

Wallahi tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Na bar motar a ƙofar gida na hau ta haya na koma Funtua.

Washegari da hantsi na dawo ɗaukar motata, sai na tarar da Inna Asabe tsaye jikinta, da mayafin unguwa, da filo biyu a hammata, da ƙullin daddawa da kuka na tsaraba. Ashe ta ji mu daga bayan zaure. Kawu ya fito a guje, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ke, ina za ki? Ba a gama gwaji ba!"

"Malam, bayan nan nawa ne ko na Dudu? Shekara shida kana tambayar nono, ni ko sau ɗaya ba ka tambaye ni ba. Sabi'u, buɗe mini."

Ta jera filo, ta zauna a tsakiya. Kafin ka ce me, 'ya'ya huɗun da ke gida sun fito, Hadiza da goyo, kowa ya kama wuri. Lawal ya riga kowa gaba. Kujera ɗaya ta rage, can layin ƙarshe. Kawu ya dube ta, ya dube mu, babu wanda ya motsa. Haka ya kutsa, gwiwa a haɓa.

Na bi a hankali. Da muka sauka daga kwalbati sai muryarsa ta taso daga baya, a sanyaye.

"Asabe, yaya?"

"Yaya me?"

"Kwalbatin."

"Au, har an wuce? Sabi'u, miƙe Musawa."

Ba zan iya ba ku labarin haɗuwarsu da Yaya Binta ba. Tsohuwa ta yi ta shafa fuskar Inna da hannu biyu tana cewa, "Kin tsufa, 'yar nema." Mu maza muka fita waje, kowa ya sami abin da zai kalla a ƙasa. Kafin damina ta zagayo Yaya Binta ta rasu.

Kawu kuwa ya sayi motar, ya kuma shiga gari yana cewa, "Tun ranar farko na san ita ce. Yaran nan ne ba su da haƙurin bincike." Wai mu! Ya ƙi koyon tuƙi, ya hana a cire ledar kujeru, kuma duk da haka kullum sai ya yi mitar but ɗinta ba ya cin buhu huɗu.

Bara, bayan girbi, ya kwanta a asibiti a Funtua. Kwana tara ya yi, Allah ya karɓi abinsa da safe. Ni na kwantar da kujerun bayan jif ɗin na shimfiɗa tabarma, don mu kai gawarsa gida. But ɗin da ya raina ya ɗauke shi tsaf, ko ƙafa ba a lanƙwasa ba. Inna, da ta yi jinyarsa, ta ƙi zama gaba. Ta ce a bar mata kujera ɗaya kusa da kansa.

Mun sauka daga kwalta, sai ta ce, "Sabi'u."

"Na'am, Inna."

"Ranar Musawa, kowane rami na ji shi har ƙeya. Mayafina na ciza har muka isa. Sati biyu ban iya sunkuyawa ba."

"Inna! Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa ya sake shekara shida?" Ta yi 'yar dariya, hawaye na zuba. Sai ta ɗora hannu a kan ƙirjinsa ta riƙe. "Ga kwalbati nan. Bi da shi a hankali, ba ya son girgiza."

Na taka birki, na hau da ƙafa ɗaya-ɗaya, na sauka. A shekara shida ban taɓa haye kwalbatin nan da kyau irin na ranar ba, kuma babu mai duba riga.

Allah ya jiƙan Kawu Haladu, ya yafe masa gudun da ya yi da wanda bai yi ba. Ya yalwata masa makwanci, ya haye da shi siraɗi lafiya, ko ɗigo kada ya zuba. Ita kuma Inna Allah ya ba ta haƙuri da sauƙin baya. Amin.